Kifin Kwali a Gidan Masunci

A gidanmu Inna sayen kifi take yi a hannun Baba. Haka na taso na gani, kuma sai da na shiga jami'a na ba ƙawayena labari suka yi ta dariya, sannan na san ba kowane gida ake haka ba. Baba, Malam Habu, masunci ne a dam ɗin Tiga. Inna Hajara kuma banda take yi: ta gyara kifi, ta jera a kan raga, hayaƙi ya yi ta ratsa shi har ya bushe, masu saye su zo har zaurenmu. Jarinta daban, nasa daban. Idan ya dawo daga ruwa da hantsi sai ya dire kwando a tsakar gida, ya koma gefe ya harɗe hannu kamar bai taɓa ganinta ba.

"Mai kifi, yau kuma jarirai ka kwaso mana?" in ji Inna, tana juya su da yatsa.

"Baiwar Allah, in ba ki da kuɗi ki matsa. Akwai masu jira."

"Su wa? Kaji?"

Ta taya, ya ce albarka. Ta ƙara, ya ce albarka. Ta yi kamar za ta shige ɗaki, shi ma ya ɗauki kwando kamar zai fita. A ƙarshe ya sallama, ta nemi gyara, ya ce gyaran ai shi ne wanda za ta sa masa a miya. Da abin da kwalekwalen Baba yake kawowa, da abin da hayaƙin Inna yake ƙarawa a kai, aka yi karatuna tun daga firamare.

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida, safiyar farko na yi lamo a ɗaki ina jiran in ji cinikin. Na ji shigowar Baba, na ji ya jingine filafilinsa a bango, na ji ya nemi ruwan wanka. Shi ke nan.

Na fito na tarar da Inna a bakin madafi, gabanta baho cike da wani kifi siriri mai ruwan toka, wasu har yanzu a manne da juna saboda ƙanƙara. A bayanta an jingine jiƙaƙƙun kwalaye masu hoton jirgin ruwa, da rubutun wani harshe da ban iya karantawa ba.

"Inna, wannan fa?"

"Kifi."

"Na ina?"

"Na Tudun Wada."

"A Tudun Wada akwai ruwa?"

"Akwai ɗakin sanyi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ɗauko wuƙa, Auta."

Na zauna muna gyarawa. A hankali ta gaya mini yadda aka yi. Bayan tafiyata wani mai ɗakin sanyi ya fara turo kwalaye a a-kori-kura, gida gida. Masu banda na gidajen gaba suka fara karɓa, suka karya farashi, masu saye suka koma can. Ita ce ta ƙarshe da ta karɓa a layinmu. Ta nuna mini yadda take yi: ta cire hanji, ta lanƙwasa kifin, ta haɗa jela da baki ta soke da tsinke, daidai yadda ake naɗe tarwaɗa. Idan ya sha hayaƙi ya yi baƙi, sai ka matso kusa kafin ka ga ba shi da gashin baki.

"Kina gaya wa mutane na kwali ne?"

"Ban taɓa ce wa kowa na dam ne ba. Ba kuma wanda ya tambaye ni."

Muna cikin haka Balaraba maƙwabciyarmu ta leƙo da kwano. A da kan kifi kaɗai take iya saye, shi ma sai ranar da mijinta ya samu aikin rani. Ranar nan manya ta zaɓa, ta ce 'ya'yanta yanzu ba sa yarda da miya in ba su ga tsoka ba. Ta fita tana yi wa Inna addu'a. Na bi ta da kallo. Na zo da niyyar in ji haushin kifin nan, sai kuma na rasa ta inda zan fara.

Baba ba ya cin na kwali. Kullum yana shigowa da ƙwaya ɗaya a rataye a igiya, a dafa masa daban. Sauran kamunsa a bakin ruwa yake sayar wa 'yan sari, su kuma ba sa wasa a ciniki. Su faɗi abin da suka ga dama, in ya ce albarka su ce to akwai kwali.

Wata rana ina kai masa abinci a zaure ya ce in zauna.

"Auta, ke da kika yi karatu. Kifin nan ya hau jirgi, ya hau mota, an biya masa wuta ya kwana a sanyi. Nawa kuwa a kai nake ɗauko shi daga can." Ya nuna wajen dam da haɓa. "Ta yaya ya fi nawa araha?"

Na yi masa bayanin manyan jirage masu jan koma mai faɗin unguwa, da yadda abu in ya yi yawa kuɗinsa yake sauka. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce, "To." Na san abin da na faɗa haka yake a littafi. Amma daga inda nake zaune ina hango ƙyallin ruwan ta ƙofar zaure, kuma ko a kunnena maganar ba ta zauna ba.

Ranar wata Laraba ina shara a bayan zaure na ji sallamar Mujitaba, ɗan ƙanen Baba. Shi yana da kwalekwale mai fenti da yake ɗaukar 'yan birni masu zuwa kallon dam, a zaga da su su ɗauki hoto.

"Baffa, kwalekwalenka katakon da ne, yanzu ba a samun irinsa. In na shafa masa fenti na sa kujeru, sai dai ka ga amare a ciki. Kai kuma ka huta, ka kama shago."

"In sayar da me a shagon?"

"Komai ma. Ko kifi."

Baba ya yi 'yar dariya.

"Mutumin da matarsa ma ba ta sayen kifinsa, me yake yi a cikin ruwa?" ya ce. "Ka dawo ranar Litinin, in Allah ya kai mu."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Kwalekwalen nan ya girme ni. Akwai wani wuri a gefensa da aka toshe da gwangwanin madara, tun ina ƙarama nake ganinsa. Ban taɓa tunanin Baba ba tare da shi ba, kuma da na gwada, sai na ga wani tsoho a kan benci yana korar ƙuda, ban gane fuskarsa ba.

Ni ba mai magana ba ce. Sai da muka naɗe rabin baho kafin na iya buɗe baki.

"Inna, da kin sayi na Baba ko sau ɗaya."

"Shi ya aiko ki?"

"A'a."

"Na sani. Ba zai aiko ba." Ta soke tsinke. "Kina ganin daɗi nake ji? Dubi hannuna, kullum a cikin ƙanƙara. In na saya a wurinsa in sayar wa wa? Ina faɗar kuɗi za su ce na yi tsada, su wuce gidan gaba."

"Hajiya Ramla fa?"

Hajiya Ramla 'yar Kano ce, cikin shekarar nan ta fara sayen banda a wurin Inna. Ta bugo waya cewa 'yarta ta haihu, tana son kwando guda na suna, za ta zo ranar Asabar. Ba ta neman ragi, kuma duk zuwanta sai ta ce duk ƙasar nan babu kamar kifin Tiga.

"Ita ai tana da hali," na ce. "Kuma na Tiga take so. In Baba ya ji ta yaba..."

Inna ta dube ni, ta daɗe.

"Je ki gaya masa gobe ya shigo da kwandon."

Washegari ya shigo da shi. Tarwaɗa ce masu kyau, da karfasa kaɗan a sama. Ya dire a tsakar gida, ya koma gefe, ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Inna ta fito tana gyara ɗankwali.

"Mai kifi, yau kuma..." Ta tsaya, ta yi gyaran murya, ta taya.

"Na sallama," in ji Baba.

Inna ta ɗago. "Haka ake ciniki?"

"Ai kin taya."

"Ka ce albarka mana."

"Albarka," ya ce, a hankali.

Suka tsaya suna kallon kwando. Ya riga ya sallama, ya kuma ce albarka, ba wanda ya san abin da ya kamata ya biyo baya. Inna ta kunce bakin zane ta miƙa masa kuɗi, ya karɓa ya fita.

Duk da haka ta yi aikin da zuciya ɗaya. Itacen marke ta sa aka nemo mata, ta zauna kusa da raga tana juyawa, ba ta bar ni na taɓa ba. Gidan ya ɗauki ƙanshin da na sani tun ina yarinya. Na ga Baba ya tsaya a ƙofar tsakar gida yana shaƙa, da ya ga ina kallonsa sai ya yi kamar takalmi yake nema.

Ranar Asabar bai je ruwa ba. Ya sa riga wankakkiya, ya baza koma a zaure yana ɗinke inda ta yage. Da hantsi motar Hajiya Ramla ta tsaya. Aka gaisa, aka yi barka, aka tambayi mai jego. Inna ta tsaya a bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida, ni kuma na fito da faranti a kai na ajiye a gabanta.

Hajiya ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta kai hanci. Ta ɓantari gefe ta tauna. Ta ajiye.

"Hajara, wannan fa?"

"Kifinki ne, Hajiya."

"A'a. Wannan ƙarnin taɓo yake yi. Dubi kai kamar faranti, ga wani gashin baki. Ina na Tiga na gaske, wanda nake saye? Siraran nan masu laushi, da ba su da ƙaya?"

Na ji allurar Baba ta tsaya.

Hajiya ta juya wurinsa. "Malam, kai masunci ne, ka gaya mini tsakani da Allah. Wannan kifin dam ɗin nan ne?"

"Ni dai a ruwan nan na kama shi," in ji Baba.

"To wallahi ku yi hankali. Yanzu har na kiwo ake zubawa a ruwa, mutane ba sa tsoron Allah." Ta dube ni. "Ke 'yan mata, ba kya magana? Ke ce mai jami'ar ko?"

Na ce eh, na sunkuyar da kai.

Daga bayan labule Inna ta ce, "Hajiya, wancan da kike saye na kwali ne. Daga ƙasar waje ake kawo shi a ƙanƙara. Wannan na gabanki shi ne na dam."

Hajiya Ramla ta yi dariya har da tafa hannu. "Hajara ke nan. Ni za ki gaya wa kifin kwali? Muna da shi a Kano, ko kyauta aka ba ni ba na sa shi a tukunyata. Wancan daban ne, ƙanshinsa ma daban."

"Hayaƙin ne, Hajiya."

"Ko ma mene ne, shi na sani, shi surukaina suka sani. In kin ajiye wa wani ne ki gaya mini."

Labulen ya yi motsi kaɗan. "Auta, ɗauko na jiya."

Na shiga na ɗauko. Hajiya ta ɓantara ta tauna, ta lumshe ido. "Yauwa. Ka ji kifin Tiga." Direbanta ya kwashe ya sa a bayan mota. Da za ta tafi ta yi wa Baba sallama, ta ce Allah ya ƙara albarka a ruwan, ya ce amin.

Na mayar da farantin tarwaɗa ciki. Inna ta juye a kwando ta rataye a madafi, ba ta dube ni ba. Na so in ba wani haƙuri, amma ban san wa ba. Inna ta faɗi gaskiya. Hajiya ta samu abin da take so, ba a cuce ta ba, ko kuma an cuce ta amma da yardarta. Baba ya naɗe komarsa tun bai gama ɗinkin ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya ɗauki soso da tsumma ya fita. Na san kwalekwalen zai wanke wa Mujitaba. Inna ta koma kan kwalinta. Da bokitin hanji ya cika ta ce in kai can nesa, Balaraba tana ƙorafin ƙuda a juji.

Na ɗauka na fita, ƙafata ta kai ni bakin ruwa. Baba yana tsaye a ruwa iya gwiwa yana goge gefen kwalekwale, daidai wurin gwangwanin madara. Ya gan ni, ya ci gaba da guga. Na tsaya riƙe da bokiti kamar wawuya. Na yi ta shirya magana a hanya, da na iso duk ta gudu. Don dai in samu abin yi, na matsa gefe na tuntsurar da bokitin a cikin ciyawar bakin ruwa, na tsuguna ina ɗauraye shi.

Maiƙo ya bazu a saman ruwa. Can sai na ga wurin ya motsa. Wani baƙin baya ya ɓullo ya nutse, wani ya biyo, kafin in miƙe ruwan ya hautsine, tarwaɗa suna ture juna a kan hanjin, har da manya irin waɗanda Baba yake cewa sun ƙare a dam ɗin.

Baba ya daina guga. Ya tako a hankali ya tsaya kusa da ni.

"Me kika zuba?"

"Hanjin kifin Inna."

"Na kwalin?"

"Eh."

Muka tsaya muna kallo har ruwan ya lafa. Ya matse tsummansa, ya jefa a cikin kwalekwalen da bai gama wankewa ba, ya kama hanyar gida. Na bi shi a baya da bokiti.

A tsakar gida ya tsaya a kan Inna. Gefenta akwai wani bokitin ya kusa cika.

"Mai banda, wannan na sayarwa ne?"

Inna ta dubi bokitin, ta dube shi, ta dube ni. Na kawar da kai.

"Ya danganta," ta ce. "Me za a yi da shi?"

"Ina ruwan mai kaya? Shara ce dai, in taimake ki in kwashe."

"Sharar da ta hau jirgi ta zo? Taya in ji."

Ya taya.

"Albarka," in ji Inna, tun bai rufe baki ba.

Ya ƙara, ta ce albarka. Ya juya kamar zai fita, ta ɗauki bokitin kamar za ta kai juji. Balaraba ta leƙo ta katanga ta ga abin da ake yi, ta koma.

Ranar Litinin rana ta ɗaga sosai kafin ya dawo. Ya ɗana ƙugiyoyinsa da hanjin tun jiya, kwandon ya cika har sai da wani ya kama masa. Ya dire a tsakar gida ya harɗe hannu. Inna ta fito ta tsaya a kai. Ta dubi kwandon, ta dubi wancan na rataye a madafi da har yanzu ba a taɓa ba.

A daidai lokacin Mujitaba ya yi sallama a zaure.

"Baffa, na zo."

"Ka je, zan neme ka," in ji Baba, bai juya ba.

"Yaushe?"

"Ciniki nake yi."

Muka ji tafiyarsa. Inna ta tsuguna tana juya kifin da yatsa.

"Wa zai saya, Malam?" ta ce, ba da muryar wasa ba.

"Ke ce mai banda."

Ta ware manyan gefe, ta ce waɗannan ya mayar wa 'yan sari. Ta tara sirara a gabanta, ta ɗauki ɗaya ta auna shi da na kwalin da ke cikin baho. Tsawonsu ɗaya.

"Waɗannan zan ɗauka. In an wanke su da lemon tsami ƙarnin zai tafi. Ka cire kuɗin bokitin gobe a ciki." Ta miƙo mini wuƙa. "Auta, yanke musu gashin bakin, ki rage kan. In sun sha hayaƙi ba mai cewa ba na kwali ba ne."

Na dubi Baba. Ya ɗaga kai yana kallon sama kamar yana duba ko za a yi hadari.

"Na Tiga za a ce ko na kwali?" na tambaya.

"Ba wanda zai tambaye ki," in ji Inna. Ta juya wurin Baba ta taya.

"Albarka," ya ce.

Na jawo kujera na zauna, na kama ta farko. Tana da santsi, har yanzu tana motsi.